"Ku Je Ku Dawo": Idan Jami'ar Amurka Ta Ɗage wa Ɗalibi Hukunci

Duk wanda ya taɓa raka manya neman aure ya san amsa uku ake dawowa da ita. Ko a ce an ba ku, ko a ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa, ko kuma waliyyi ya gyara zama ya ce, "To, mun ji. Ku je ku dawo, za mu yi shawara." Ta ukun nan ita ce mai hana barci. Wanda aka ba ya tafi haɗa lefe. Wanda aka hana ya yi baƙin cikinsa na kwana biyu ya nemi wata ƙofa. Shi kuwa na ukun sai ya koma gida yana juya maganar: da wace fuska aka faɗe ta, an yi murmushi ko ba a yi ba, shawarar gaske za a yi ko kuwa kora ce da hali.

A tsakiyar Disambar kowace shekara, jami'o'in Amurka masu wuyar shiga sukan raba waɗannan amsoshi uku ga ɗaliban da suka yi sammakon nema. Sakamakon kan fito da yammacin can, wato tsakar daren nan, daidai lokacin da hunturu ya kankama. Yarinya ta buɗe shafinta a waya, ta karanta sau uku, gari ya waye ta gaida mahaifinta ta ce, "Baba, sun ce sun ɗage." Shi kuma ya yi tambayar da kowane uba zai yi: "To, an ɗauke ki ne ko ba a ɗauke ki ba?" Ba ta da amsa, domin ita wasiƙar ma ba ta zo da ita ba. Irin wannan hira ta daina zama baƙuwa a gidajenmu. A shekarar karatu ta 2023/2024 'yan Najeriya 20,029 ne ke karatu a Amurka, 'yan Ghana kuma sun haura 9,000, ko da yake masu neman digiri na biyu da na uku sun fi yawa a cikinsu.

Akwai ruɗanin da ya kamata a kawar tun daga farko. A jami'o'inmu, idan ɗalibi ya ce ya yi difa, nufinsa ya riga ya samu gurbi, shi ne da kansa ya roƙi a ajiye masa zuwa baɗi saboda rashin lafiya ko rashin kuɗin rajista. A can ma akwai irin wannan. Amma kalmar da ke cikin wasiƙar Disamba, duk da ita ce dai kalmar, akasin haka take nufi: jami'a ce ta ɗage yanke hukunci, kuma babu wata kujera da aka ajiye wa kowa. An ɗauki fayil ɗin ɗalibi ne daga ƙaramin tuli an mayar da shi cikin babban tuli, za a sake dubawa tare da na sauran jama'a. Iyaye da yawa kan ji kalmar su fara barka, abin da ke ƙara wa yaron nauyi. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne ɗalibin da bai ga sunansa a jerin farko ba, yana ta leƙa shafin JAMB yana jiran na biyu. Sai dai shi wannan ya san makinsa, ya san makin da aka yanke, yana iya ƙiyasta inda ya tsaya. A waɗannan jami'o'in Amurka babu makin da aka yanke. Kwamiti ne ke karanta sakamakon makaranta da rubutun ɗalibi game da kansa da shaidar malamai da ayyukansa na wajen aji, sannan ya kaɗa ƙuri'a.

Ga yadda kalandar take. Babban zagayen nema yakan rufe a farkon Janairu, amsa ta fito a ƙarshen Maris, ɗalibi kuma ya zaɓi inda zai je kafin 1 ga Mayu. Zagayen sammako kuwa galibi yana rufewa ran 1 ga Nuwamba, kuma iri uku ne. Akwai mai ɗaure ƙafa: ɗalibi da mahaifinsa da malamin makarantarsa su sa hannu cewa idan an ɗauke shi zai zo, zai kuma janye duk sauran takardun da ya aika. Pennsylvania da Duke da Columbia da Brown wannan suke yi. Akwai wanda ba ya ɗaure kowa, irin na MIT: ka nema da wuri, ka ji da wuri, kana da 'yancinka har Mayu. Sai na tsakiya, irin na Harvard da Yale da Princeton da Stanford: ba dole ka zo ba in an ɗauke ka, amma ba za ka yi sammako a wata jami'a mai zaman kanta ba a lokaci guda. A dukkan ukun, wanda aka ɗage wa hukunci ya fita daga alkawari. Ko da ya sa hannu a takardar ɗauri a Nuwamba, in aka ɗauke shi a Maris yana iya cewa ya gode, ya samu wani wuri.

To me ya sa jami'a za ta karanta fayil daga farko har ƙarshe, sannan ta ce ba ta yanke shawara ba? Ɗalibi kan ɗauka wani giɓi aka gani a takardunsa, sai ya kwana yana binciken laifin kansa. Wani lokaci haka ne: sakamakon lissafi ya ɗan yi ƙasa a aji biyar, ana so a ga na aji shida. Amma ni a ganina mafi yawan ɗagewar ba magana ce a kan ɗalibin ba, magana ce a kan lissafin jami'ar. Ofishin ɗaukar ɗalibai ba gasar zakaru yake shiryawa ba, aji yake haɗawa, kamar mai haɗa miya: yana bukatar masu kimiyya da masu tarihi, 'yan kowace jiha, 'yan ƙasashen waje, mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallo, mai busa a ƙungiyar kiɗa, 'ya'yan talakawa daidai gwargwadon abin da asusun tallafi zai ɗauka, da 'ya'yan masu hali da za su biya cikakken kuɗi. A Disamba bai san abin da Janairu zai kawo ba. Yaron da ya zo daga Kano da sha'awar injiniya yana iya zama shi kaɗai irinsa a tulin Nuwamba, amma wa ya san ko guda talatin ne ke tafe daga Legas da Akara da Nairobi? Sai a ajiye shi a gefe, ba a saya ba, ba a kuma bar wa wani ba. Duk wanda ya taɓa taya kaya a kasuwa ya ce wa mai shago "bari in zaga in dawo" ya san wannan dabara. Bambancin kawai, a nan mai zagawar shi ne mai ƙarfi.

Akwai kuma ɗagewar kunya. Ɗan tsohon ɗalibi, ko jikan wanda ya gina wa jami'a ɗakin karatu, ko yaron makarantar da ta saba turo ɗalibai duk shekara, ba a son a watsa masa ƙasa a ido ana gab da hutun Kirsimeti. Sai a ce ya dawo, a hana shi a Maris cikin taron dubbai inda abin ba zai yi zafi ba.

Shi ya sa tambayar farko da ya kamata ɗalibi ya yi ba "me na rasa?" ba ce, "wa ya ce in dawo?" ce. Kalmar ɗaya ce, amma nauyinta ya bambanta daga gida zuwa gida. A Disambar 2023 mutum 7,921 suka yi sammako a Harvard. Aka ɗauki 692, aka ɗage wa sama da kashi 80 cikin 100, waɗanda aka hana kai tsaye ba su kai kashi 10 ba. A wancan makon dai, Yale ta samu masu nema 7,856, ta ɗauki 709, ta hana kashi 70, ta ɗage wa kashi 20 kacal. Dubi wannan: jami'o'i biyu masu daraja ɗaya, yawan masu nema kusan ɗaya, amma "ka dawo" ta Harvard ta shiga hannun mutum sama da 6,000, ta Yale kuwa kimanin 1,500. Ta farkon kusan ba ta gaya maka komai ba sai dai cewa ba ka cikin 'yan kaɗan ɗin da aka ga ba su da alamar kaiwa. Ta biyun tana cewa an tace, an sake tacewa, ka rage a rariya. Yale da gangan ta koma haka. 'Yan shekaru kafin nan rabin masu sammako take ɗagewa, sai ta ga gara a faɗa wa yara gaskiya da wuri su nemi wani wuri. Stanford ma ta daɗe a kan wannan ra'ayi, kaɗan take ɗagewa. Georgetown kuwa ta shekara da shekaru a ɗaya ɓangaren: ba ta hana mai sammako a Disamba, duk wanda ba ta ɗauka ba sai ta tura shi babban zagaye. Wanda ya samu wasiƙar ɗagewa daga can bai ji komai ba tukuna.

Lissafin abin da ke biyo baya ba shi da daɗin ji. A waccan shekarar Harvard ta samu masu nema 54,008 gaba ɗaya, ta ɗauki 1,937. Cire 692 na sammako, saura 1,245. Kujerun nan ne sababbin masu nema kimanin 46,000 da waɗancan sama da 6,000 da aka ɗage suka yi rububi a kai, wato a kowane mutum arba'in da wani abu, ɗaya. MIT, wadda ta fi yawancinsu buɗe littafinta ga jama'a, ta ɗage wa kimanin mutum 8,000 cikin 12,563 a Disambar 2023, kuma a 'yan shekarun nan waɗanda take ɗauka a Maris daga cikin irin waɗannan ba su kai 300 ba. Ba sifili ba ne, kuma ba ƙaramin rukuni ba ne a ajin da bai wuce mutum dubu da 'yan ɗari ba. Duk shekara akwai yaran da suka ji "ka dawo" suka dawo aka buɗe musu. Amma wanda ya jingina dukkan begensa a kan kashi biyu ko uku cikin ɗari, jiran gawon shanu yake yi. A jami'o'in da ba su kai waɗannan tsanani ba, musamman manyan jami'o'in jihohi da takardu ke yi musu yawa har su kasa gama karantawa kafin wa'adi, damar ta fi haka nesa ba kusa ba.

Wani zai ce, ai alƙaluma sun nuna mai sammako ya fi samun shiga, to yaya wanda ya yi sammakon kuma ya tashi a tutar babu? Gaskiya ne akwai riba. Littafin The Early Admissions Game na Christopher Avery da Andrew Fairbanks da Richard Zeckhauser, wanda ya fito a 2003, ya bi bayanan masu nema masu yawan gaske ya gano cewa yin sammako daidai yake da ƙarin maki kusan 100 a jarrabawar SAT, wadda jimillar makinta 1,600 ne. Amma Bahaushe ya ce in kana sammako, wani a tafe ya kwana. Cikin waɗanda ake ɗauka a Disamba akwai 'yan wasan da masu horarwa suka riga suka zaɓa tun bazara, akwai 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da na malamai. Shari'ar da aka yi da Harvard, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a Yunin 2023 ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, ta tona abubuwa da yawa. Masana tattalin arzikin da suka bi takardun shari'ar sun nuna cewa sama da kashi 40 na fararen fatar da aka ɗauka 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan ma'aikata, ko waɗanda sunansu ke cikin jerin da shugabanni ke sa wa ido, galibi saboda masu ba da gudummawa. In aka cire waɗannan daga lissafin Disamba, ratar da ke tsakanin sammako da babban zagaye takan ragu sosai ga yaron da ba shi da kowa.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan maganar ga ɗalibin da ya fito daga ƙasashenmu. Kuɗin shekara guda a manyan jami'o'i masu zaman kansu, da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000. Jami'o'in da ke karanta fayil ɗin baƙo ba tare da duba aljihunsa ba, sannan su biya masa duk abin da ya gaza, 'yan kaɗan ne: Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, sai Dartmouth da Bowdoin da suka shigo a 2022, da wasu ƙalilan da suka biyo baya. Sauran duk suna sa bukatar tallafi a kan sikeli. A irin waɗannan, baƙon da ya rubuta cewa iyayensa ba za su iya biyan fiye da dala 2,000 ba yana iya zama gwanin gwanaye a ɗage shi, don kawai ana jiran a ga yadda asusun tallafin baƙi zai kasu a Maris. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, in ji masu iya magana, kuma ban san inda karin maganar ya zauna daram kamar nan ba. A nan ne shaiɗan kan raɗa wa iyaye cewa a rubuta wa jami'ar an janye neman tallafi, in yaro ya shiga a san yadda za a yi. Wannan rami ne. Jami'o'i da yawa sun rubuta ƙarara cewa baƙon da bai nemi tallafi lokacin shiga ba, ba zai nema daga baya ba, kuma takardar da ake kai wa ofishin jakadanci don neman biza ba ta fitowa sai an nuna shaidar kuɗin shekarar farko.

To me ɗalibi zai yi? Abin yi kaɗan ne, kuma ƙarancinsa shi ke ba mutane haushi. Na farko, ya karanta wasiƙar har ƙasa, domin kowace jami'a takan faɗi abin da take so. MIT tana da fom na musamman da ake cikewa a Fabrairu, inda ɗalibi zai saka sabon sakamako da duk abin da ya faru da shi tun Nuwamba. Wasu suna buɗe ɗan akwati a shafin ɗalibi. Wasu kuma sun ce kada a turo komai sai sakamakon makaranta, kuma da gaske suke. Wanda ya tura duk da haka ya nuna musu ba ya bin umarni.

Abin da ya fi komai nauyi shi ne sakamakon tsakiyar shekara, wanda makaranta ce ke aikawa ba ɗalibi ba. A makarantun Amurka akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan. A namu kuwa, zangon farko na aji shida yakan ƙare a Disamba, a tafi hutu, a dawo Janairu ana fama da rajistar WAEC, malamin da ya buɗe shafin neman shiga na Common App a Oktoba ya manta lambar sirrinsa. Dole ɗalibi ya bi sawu da ƙafarsa, cikin ladabi: "Malam, don Allah akwai sauran takarda ɗaya da suke jira." Yara nawa ne suka zauna suna goge wasiƙar roƙo har sau goma, alhali takardar da kwamiti ya ɗage hukunci dominta tana kwance a ofishin shugaban makaranta? Wanda ya riga ya gama sakandare yana zaman shekara a gida, ba shi da sabon sakamako. Nasa shi ne ya nuna abin da ya yi da watannin. In kuma an sake zama SAT a Disamba maki ya tashi, a aika. Jarrabawar ta sake yin daraja tun da MIT ta dawo da wajabcinta a 2022, Dartmouth da Brown da Harvard suka bi a 2024, bayan sassaucin da aka yi lokacin korona.

Sai wasiƙar jaddada sha'awa, wadda aka gina wata ƙaramar kasuwa a kanta, har da masu karɓar ɗaruruwan daloli su rubuta wa yaro. Ba ta da wani asiri. Shafi ɗaya ne ko ƙasa da haka, a aika a cikin Janairu. Ta faɗi cewa har yanzu ana so. In gaskiya ne cewa nan ce zaɓin farko kuma za a zo in an kira, a faɗa a fili, domin jami'o'i da yawa suna kishin yawan waɗanda ke amsa kiransu. In ba gaskiya ba ne, kada a faɗa. Sannan ta kawo sabon abu. Ba maimaita abin da ke cikin fayil ba, ba yabon gine-ginen jami'a da tarihinta ba, wanda su suka fi kowa sani. A ce yarinya ta rubuta a Nuwamba cewa tana koyar da ƙannenta na unguwa lissafi a zaure. Sabon labari shi ne yaran sun tashi daga takwas zuwa ashirin, ta samu ƙawaye biyu suna taya ta, huɗu daga ciki sun ci jarrabawar shiga sakandare. Wannan ya fi shafi uku na "tun ina ƙarama nake mafarki". Mai karantawa yana da ɗaruruwan fayiloli a gabansa, abin da yake nema shi ne jimla ɗaya ko biyu da zai iya karanta wa kwamiti ya ce, ga abin da ya canza.

Ƙarin wasiƙar shaida tana da amfani ne kawai in ta fito daga wanda ya ga wani gefe na ɗalibin da ba a gani ba, kamar malamin aji shida ko wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Mu da muka saba da takardar babban mutum, sai mu ga kamar wasiƙar sanata ko ta mai martaba za ta buɗe ƙofa. Wasiƙar wanda bai taɓa zama da yaro ba, komai tsawon rawaninsa, ba ta da nauyin ta malamin kimiyyar da ya san yadda yaron ke yi in gwaji ya ƙi. Haka nan kiran waya daga uba, da aika saƙo duk mako, da tura kyauta. Naci yana da rana a wurare da dama, amma a nan yawan sallama ba ya sa a ce shigo.

Babban aikin ma ba a wannan jami'ar yake ba. Tsakanin fitowar sakamako da rufe babban zagaye kwana goma sha biyar ne zuwa ashirin, kuma su ne kwanakin da suka fi tsada a duk shekarar. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya yi sammako a wuri guda, ya naɗe hannu tun Nuwamba yana jiran albishir, sai ga shi a ƙarshen Disamba da zuciya a karye da tarin rubuce-rubucen jami'o'i goma da bai taɓa ba. Wanda aka ɗage yana da wata riba da ba a cika lura da ita ba: ya samu labari. In jami'ar mai tacewa ce irin Yale, ya san fayil ɗinsa na da ƙarfi, sai ya ci gaba. In kuma ya ga alamar ya ɗaga kai da yawa, lokaci ne na faɗaɗa jeri, a sa ƙananan kwalejoji masu asusu mai kauri da jami'o'in da ke ba da tallafi bisa maki, waɗanda sunansu bai iso kunnen kawu ba amma suna biyan kuɗin. A kuma sake karanta rubutun nan na ɗalibi game da kansa, mai kalma 650, da sabon ido, domin ana iya gyara shi kafin a aika wa sauran. Cibiyoyin EducationUSA na Abuja da Legas da Yamai da Akara wannan aikin suke yi, kuma shawararsu ta fi ta dillalan da ke alkawarin gurbi.

Akwai kuma sammako na biyu mai ɗaure ƙafa, wanda ke rufewa a Janairu amsa ta fito a Fabrairu. Chicago da Vanderbilt da Johns Hopkins da Emory da NYU suna cikin masu yin sa. Wanda aka ɗage a wani wuri yana da 'yancin shiga. Amma ciniki ne mai sharaɗi: in aka ɗauke shi a Fabrairu, dole ya janye daga ko'ina, har da jami'ar da ta ce ya dawo, ba zai taɓa sanin amsarta ba. Ƙwai a baka ke nan da kaza a akurki, kowa da yadda zai auna. Mai bukatar tallafi ya ƙara tunani, domin ɗauri yana hana shi jera tayin jami'o'i uku ya ga wanda ya fi sauƙi. Abin da aka yarda da shi kawai shi ne ya fita in tallafin bai isa ba. Chicago ma takan ba waɗanda ta ɗage daga sammakon da ba ɗauri damar su koma wannan mai ɗaurin. Wannan ya nuna inda aka dosa: muna sonka, amma ka fara rantsewa ba za ka duba wani gida ba.

A nan nake ganin tsarin ya cancanci suka. Jami'ar da ta cike kusan rabin ajinta da waɗanda suka sa hannun ɗauri, kamar yadda Pennsylvania da Duke kan yi, ta kwanta da kwanciyar hankali, ta kuma rage kujerun Maris har kason shigarta ya yi ƙasa ta ƙara kwarjini. Su kansu sun san da haka. A 2006 Harvard, ƙarƙashin shugaban riƙo Derek Bok, ta soke sammako gaba ɗaya da hujjar cewa masu gata yake ƙara wa gata. Princeton da Virginia suka bi ta. Sauran suka yi shiru suka ci gaba da kwashe ɗalibai tun Disamba, sai ga Harvard da Princeton sun dawo da shi a 2011. Ɗage wa mutum dubu shida hukunci alhali an san 'yan kaɗan za a ɗauka ba ya cin jami'a ko sisi. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai ne ke biya da wata uku na zullumi. Na fi ganin mutuncin mai cewa a'a da wuri.

Ga 'ya'yanmu kuma akwai wata ƙofa bayan ta jami'a. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga ƙasar, a Yuli kuma ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku mai shiga sau ɗaya, kuma dokokin ba su daina sauyawa ba. Ɗalibin da ke jiran amsar Maris bai kamata ya bar rajistar JAMB ta wuce shi ba, ga shi kuwa a watannin nan na jira ake yin ta.

Amsar ta biyu tana zuwa a warwatse. MIT takan saki tata ran 14 ga Maris, don a rubutun kwanan wata na Amurka 3.14 ke nan, lambar da duk ɗan lissafi ya haddace. Jami'o'i takwas na rukunin Ivy sukan saki nasu rana ɗaya a ƙarshen wata. Kuma ko a nan amsar ba biyu ba ce, uku ce: ana iya ɗauka, ana iya hanawa, ana iya saka mutum a jerin 'yan jira, wato "ku je ku dawo" karo na biyu. Shi wannan jerin ba ya motsi sai bayan 1 ga Mayu, in jami'a ta ƙirga waɗanda suka amsa kira ta ga akwai giɓi. Wata shekara a kira mutum ɗari, wata shekara ko ɗaya. Kafin ranar dole ɗalibi ya biya kafin alƙalami a wata jami'ar da ta riga ta ce masa e, 'yan ɗaruruwan daloli da ba a mayarwa. In waya ta yi ƙara a Yuni daga gidan farko, sai ya bar musu kuɗin ya tafi.